Daga Horo Birni zuwa birnin Shehu: Abubuwan da ke sauya zuwa coci a Sakkwato

A Horo Birni, cikin ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, Lahadi rana ce kamar sauran ranaku. Manomi ya saɓa fartanya ya nufi gona, mai shago ya buɗe ƙofa, yara na karatun allo a zaure. Kiran sallah ne ke raba lokutan yini, kuma ranar da gari ke ɗaukar haramar ibada ita ce Juma'a.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin yankin. Nan kusa, a ƙasar Boɗinga, Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815.

Sai dai akwai wasu 'yan tsiraru da Lahadi ke zo musu da lissafi. Kiristan da za ka tarar a garuruwan Shagari da Boɗinga da Yabo galibi aiki ne ya kai shi: malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗan sanda, mai shagon magani ko ɗan bautar ƙasa. Manyan coci-coci na can cikin birnin Sakkwato. Don haka tun daren Asabar sai mutum ya tambayi kansa: akwai kuɗin mota? Hanya lafiya? Ko dai in kunna waya in bi sujada daga ɗaki?

Amsar da ɗaiɗaikun mutane ke bai wa waɗannan tambayoyi ita ce ke cika kujerun coci ko ta bar su wayam. Ita ce kuma ke hana shugabannin coci barci, a daidai lokacin da shugabancin shi kansa ke gab da sauyawa.

Su wane ne ke cika kujerun?

Tarihin Kiristanci a ƙasar Sakkwato ya sha bamban da na Filato ko kudancin Kaduna. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna hana 'yan mishan yin wa'azi a masarautun Musulmi. Ƙofar da ta buɗu musu daga baya ita ce ta magani. A ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, kamar yadda ta yi a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. A tsallaken iyaka kuma ta buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950. Daga aikin wannan ƙungiya ne cocin ECWA ya fito a 1954.

Ɗarikar Katolika kuwa ta ware yankin Sakkwato a 1953, ta damƙa shi ga limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka. A 1964 yankin ya zama cikakkiyar dayosis, wato ƙasar da bishop ɗaya ke jagoranta, ƙarƙashin Bishop Edward Lawton.

Yawancin masu zuwa coci a lokacin baƙi ne, 'yan kasuwa da ma'aikata daga kudu, musamman 'yan ƙabilar Ibo. Da rikicin 1966 ya ɓarke, suka kwashe iyalansu suka koma gida, coci-coci da dama suka zama kufai cikin 'yan makonni. Wannan ne ya sa limaman suka ƙara mayar da hankali kan Maguzawan yankin Malumfashi da Funtuwa, mutanen da ba su da wani gida da za su gudu su koma.

Har yau wannan darasi bai tsufa ba. A birnin Sakkwato, masu sujada sun haɗa da 'yan kasuwar Ibo da Yarabawa, sojojin barikin Giginya, 'yan sanda, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da mutanen ƙasar Zuru da kudancin Kaduna waɗanda Hausa ce harshen ibadarsu. Da yawansu takarda ɗaya ta canjin wurin aiki ta isa ta ɗauke su. Fasto zai iya shafe shekara uku yana horar da shugaban mawaƙa, a wayi gari an mayar da shi Fatakwal. A watan Disamba kuwa, lokacin da coci-cocin kudu ke cika maƙil, na Sakkwato raguwa suke yi, domin jama'a sun tafi gida Kirsimeti.

Abin da alƙaluma ke nunawa

A faɗin ƙasa, ba a cewa 'yan Najeriya sun daina zuwa coci. A farkon 2023 cibiyar bincike ta CARA da ke Jami'ar Georgetown a Amurka ta fitar da kwatancen ƙasashe, inda kashi 94 cikin 100 na 'yan Katolikan Najeriya da aka tambaya suka ce suna halartar ibada aƙalla sau ɗaya a mako. Babu ƙasar da ta kai haka a jerin. Kenya ce ta biyu da kashi 73, Lebanon na da kashi 69, yayin da Holan ke can ƙasa da kashi 7.

A ƙasashen da suka turo 'yan mishan, labarin daban ne. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta nuna kashi 46.2 ne kawai suka ce su Kirista ne, karo na farko da adadin ya gaza rabi. A Amurka, binciken Gallup na 2020 ya gano kashi 47 ne ke da rajista da wani wurin ibada.

Amma waɗannan alƙaluma na ƙasa baki ɗaya ne, kuma abin da mutane suka faɗa da bakinsu ne. Ƙidayar Najeriya ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba. Shi ya sa ma'aunin da coci-coci ke dogaro da shi shi ne nasu na cikin gida: masu tsaron ƙofa na ƙirga maza da mata da yara kowace Lahadi, sakatare ya rubuta, a karanta tare da jimillar baikon da aka tara. A jiha kamar Sakkwato, abin da ke motsa wannan lissafi ba raunin imani irin na Turai ba ne. Kuɗin mota ne, da fargaba, da ƙaura.

Lissafin safiyar Lahadi

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ya haura 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ya zarce 1,000. Kuɗin Keke Napep da na kabu-kabu da na motar haya duk suka bi sahu.

Ga magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu, zuwa coci da dawowa ya zama kashe kuɗin da zai iya sayen kwanon gero. Kuma coci ba Lahadi kaɗai ba ce. Akwai nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, akwai taron Zumuntar Mata, akwai koyon waƙa, akwai taron matasa. Idan aljihu ya yi sanyi, waɗannan ne ake fara yankewa, a bar Lahadi. Idan ya ƙara sanyi, sai a riƙa yin karɓa-karɓa, wannan mako uwa da yara, mako mai zuwa uba.

Wanda ke zaune a Shagari ko Boɗinga nasa lissafin ya fi nauyi, tunda sai ya hau babbar hanyar da ta taso daga Tambuwal zuwa birni. 'Yan bautar ƙasa sun daɗe da samo wa kansu mafita: suna taruwa a masaukinsu ƙarƙashin ƙungiyoyinsu irin su NCCF, ɗaya daga cikinsu ya ja addu'a. Amma shekara na cika sai su tafi, a sake sabon lale.

Abin yana komawa kan fasto. A coci-coci irin su ECWA, baiko da zakkar masu bi ne ke ɗaukar albashin fasto da gyaran gini da kason da ake aikawa gunduma. In mutane suka ragu, kwanon baiko ya ragu, ƙaramin coci sai ya kasa riƙe ma'aikacinsa.

Mayun 2022 da abin da ya biyo baya

Ranar 12 ga Mayun 2022 wasu ɗalibai suka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin yin ɓatanci ga Annabi Muhammad, Sallallahu Alaihi Wasallam. Majalisar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan, ta nemi a hukunta waɗanda suka aikata.

Bayan kwana biyu, zanga-zangar neman a saki waɗanda aka kama ta rikiɗe. An kai hari babban cocin Katolika na Holy Family, da cocin Saint Kevin da ke Gidan Dare, aka farfasa tagogi, aka lalata motoci da shaguna. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanya dokar hana fita ta sa'a 24. Bishop Matthew Hassan Kukah ya dakatar da ibada a coci-cocin Katolika na cikin birni har sai an ɗage dokar, ya kuma ƙaryata jita-jitar cewa an ƙona gidansa.

An sake buɗe ƙofofi, an gyara tagogi. Amma irin wannan rana tana sauya shawarar da iyali ke yankewa a ɗaki: wace makaranta za a tura yarinya, ko a bar mata da yara a gida kudu maigida ya zauna shi kaɗai yana kasuwanci.

Tun bayan harin bam na ranar Kirsimetin 2011 a Madalla, binciken jaka da na mota a ƙofar coci ya zama ruwan dare a Arewa. Harin cocin Owo na 5 ga Yunin 2022 ya ƙara tsaurara shi. A wurare da yawa, kwanan addu'a da aka saba yi har asuba ya koma taron yamma da ake tashi da wuri.

Matsalar 'yan bindiga kuwa ba ta tambayar addini. Waɗanda aka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, da matafiyan da aka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamban shekarar, Musulmi ne akasari, kuma an sha ɗauke masallata daga cikin masallatai a Zamfara da Katsina. Sai dai ga al'umma ƙarama, rasa malami ɗaya na nufin rufe wurin ibada.

Dayosis ɗin Sakkwato ta ɗanɗana wannan. A Janairun 2020 an sace Michael Nnadi, ɗalibinta mai shekara 18, daga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd a Kaduna, aka kashe shi. A Mayun 2021 an kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, aka yi awon gaba da Fada Joe Keke. A Mayun 2022 an sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara a Gidan Maikambo ta ƙaramar hukumar Ƙafur, suka shafe sama da wata guda a daji. A Yunin 2024 an ɗauke Fada Mikah Suleiman a Damba, Gusau. Bishop Kukah ya taɓa bayyana cewa sun kashe sama da naira miliyan 30 wajen kuɓutar da ma'aikatansu.

A tsarin Katolika, limami ɗaya kan kula da ƙananan coci-coci da dama na ƙauyuka, yana zagayawa. Ranar da bai zo ba, katikis ne ke jan addu'a da karatu, amma ba shi da ikon tsarkake jibin Ubangiji. Idan hanya ta lalace, zagayen limami ya yi nisa, nauyin duka sai ya koma kan katikis, wanda galibi manomi ne mai iyali da ɗan alawus kaɗan.

Coci a cikin waya

Annobar korona ta 2020 ta koya wa mutane bin ibada ta allo, kuma ɗabi'ar ba ta tafi da annobar ba. A shekarar ne Fasto Jerry Eze ya fara addu'ar safiya ta NSPPD da dubban mutane ke bi kai tsaye a YouTube da Facebook. Tun 2017 mawaƙi Nathaniel Bassey ke tara jama'a da tsakar dare a Instagram. Manyan coci-cocin Legas da Abuja na watsa sujadarsu kowace Lahadi, da lambar asusun banki a ƙasan allo.

Bin wa'azi daga nesa ba sabon abu ba ne ga Kiristan Arewa. Iyaye da kakanni sun saurari rediyon ELWA da shirye-shiryen Muryar Bishara na Jos. Bambancin shi ne a da rediyo ƙari ne a kan zuwa coci, yanzu kuwa waya na iya maye gurbinsa, har da baikon.

Ga ma'aikaciyar jinya a ƙauye mai nisa, wannan sauƙi ne babba. Ga faston ƙaramin coci, gasa ce da bai shirya mata ba. Shi ne zai je asibiti dubiya, shi zai ɗaura aure, shi zai yi jana'iza, amma zakkar ta tafi wa mai wa'azin da bai san sunan mai bayarwa ba.

Waya ma tana da iyakarta. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sannan kamar yadda Musulmi zai saurari tafsiri a waya amma ba zai yi sallar Juma'a a cikinta ba, haka ɗan Katolika ko ɗan Angilika ba zai karɓi jibi ta allo ba.

Daga wannan coci zuwa wancan

Wani lokaci kujerar da ta zama wayam a coci ɗaya, mai ita yana zaune a wani cocin a layi na gaba. Coci-cocin Fentikos irin su Redeemed da Living Faith da Deeper Life sun ja matasa da kiɗan zamani da wa'azin Turanci da alƙawarin buɗi. Redeemed ma ta sanya wa kanta burin kafa coci a tazarar tafiyar minti biyar da ƙafa. A gari mai ƙarancin Kirista, wannan na nufin ana raba mutane ƙalilan gida-gida.

Harshe ma na raba jama'a. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma dattawa da Zumuntar Mata, masu anko da tulu da kacau-kacau, da Hausa suke waƙa da addu'a. 'Ya'yansu da suka yi boko sun fi karkata ga sujadar Turanci. Coci-coci da dama na yin sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa, wasu ma sun rabu zuwa ikilisiya biyu. Iyali ɗaya sai su fita gida a lokuta daban-daban.

Akwai kuma batun fili. Shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN da shi kansa Bishop Kukah sun sha kokawa kan wahalar samun takardar mallakar filin gina coci a jihohin Arewa maso Yamma. Birni na faɗaɗa, ma'aikata na komawa sababbin unguwanni, coci-coci na nan inda suke tun da.

Wa zai riƙe sandar?

Ranar 31 ga Agustan 2027 Bishop Kukah zai cika shekara 75. Dokar cocin Katolika ta buƙaci kowane bishop ya miƙa wa Fafaroma takardar ajiye aiki idan ya kai wannan shekara, ko da yake Fafaroma na iya jinkirta karɓa. Jakadan fadar Vatican ne ke tuntuɓar masu ruwa da tsaki a asirce, ya aika sunaye uku, Fafaroma ya zaɓa.

Kukah, ɗan asalin Zangon Kataf, shi ne bishop na huɗu a Sakkwato, bayan Lawton da Michael Dempsey da Kevin Aje. Tun da ya karɓi aiki a 2011 ya sa sunan dayosis ɗin a bakin duniya. Ya kasance mamba a kwamitin Oputa, yana cikin kwamitin zaman lafiya na ƙasa tare da Janar Abdulsalami Abubakar, kuma yana da kyakkyawar alaƙa da fadar Sarkin Musulmi. Kalamansa kuma sun sha tayar da ƙura. Bayan saƙonsa na Kirsimetin 2020, wata ƙungiyar Musulmi a Sakkwato ta nemi ya ba da haƙuri ko ya bar jihar, har fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce yana da 'yancin zama duk inda ya so.

Tambayar da ke gaban mabiya ita ce irin shugaban da ya dace da su nan gaba: mai murya da ake ji har Abuja da Rum, ko mai zama kusa da ƙananan coci-cocin da ke fama da kuɗin mota da hanyoyin da ba sa biyuwa.

Wani sauyin ya riga ya faru. Ranar 16 ga Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya cire Katsina daga Sakkwato ya mayar da ita dayosis mai zaman kanta, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya zama bishop a cocin Katolika. Ga Hausawa Kirista wannan abin alfahari ne. Ga Sakkwato kuwa, yankin da ya fi yawan Kirista 'yan ƙasa, da makarantar horar da katikis ta Malumfashi, sun koma wani gida.

Batun ɗan ƙasa da baƙo ba ƙaramin abu ba ne a shugabancin coci. A Ahiara ta jihar Imo, limamai da mabiya sun ƙi karɓar Bishop Peter Okpaleke da aka naɗa musu a 2012 saboda ba ɗan yankinsu ba ne, har ya ajiye muƙamin a 2018. A Living Faith kuwa, ritayar da aka yi wa Bishop David Abioye a Oktoban 2024 ta ƙare da shi ya buɗe nasa cocin a Abuja. Duk inda shugaba ya motsa, wasu kujeru na bin sa.

Ɗarikar Angilika ta buɗe tata dayosis a Sakkwato a 1990, da Josiah Idowu-Fearon a matsayin bishop na farko, mutumin da ya yi karatu mai zurfi kan Musulunci, ya kuma zama babban sakataren ɗarikar na duniya daga 2015 zuwa 2022. Wannan ya nuna irin mutanen da kujerar Sakkwato ke buƙata: wanda zai iya zama da sarakuna da malamai, ya san inda ake cire takalmi.

Me ya shafi maƙwabci?

Mai karatu a Horo Birni zai iya cewa, ina ruwana da kujerun coci? Amsar tana asibitin garinsu da makarantar 'ya'yansa. Ma'aikacin da ya ga ba shi da inda zai yi ibada cikin kwanciyar hankali, ko kuɗin zuwa ya fi ƙarfinsa, shi ne zai fara neman a mayar da shi birni ko wata jiha. Ɗan bautar ƙasa ma haka, tun daga sansanin Wamakko yake fara neman canji. Jihar da ke ƙarancin malaman kimiyya da ma'aikatan lafiya ita ke asara.

Hanyar da fasto ke tsoron bi ita ce wadda liman da ɗan kasuwa da mai naƙuda ke bi. Man da ya hana iyali zuwa sujada shi ne ya hana wani kai amfanin gonarsa kasuwa. Ranar da aka gyara waɗannan, sakataren coci zai gani a littafinsa na Lahadi, direban motar Shagari ma zai gani a aljihunsa.